An Yi Wa Ɗalibata Kitson Tafiya

Malama Ni'imat, assalamu alaikum. Don Allah ki taimaki tsoho da shawara, kuma ki hanzarta, domin abin da ke damuna ba zai jira ni ba. Ki yi haƙuri da rubutun. Hannuna rawa yake yi, idona na hagu kuma ya daɗe da ajiye aiki ya bar ɗan'uwansa shi kaɗai.

Ni malamin makaranta ne, na haura saba'in. An horar da mu tun zamanin da ake duba farcen malami kafin a duba na ɗalibi. Na koyar a garin Atbara, can ƙasarmu, har na koyar da 'ya'yan waɗanda na koyar, sannan na yi ritaya na koma Bahri da niyyar in mutu a ƙarƙashin bishiyar lemon da na shuka da hannuna. Yaƙi ya zo ya tashe mu. Matata Sittana ba ta iso Masar ba. Ciwon suga ya ci ƙarfinta muna Halfa, garin kan iyaka, muna jiran izinin shigowa, a can na binne ta, mutanen da ban san sunansu ba suka taya ni salla. Ɗana ɗaya ne, yana aiki a ƙasar Larabawan Gabas, yana da nasa nauyin. Yakan kira, ni kuma in ce masa lafiya lau, don me zan ce?

Yanzu ina Alƙahira, a wani ɗaki can saman bene tare da tankunan ruwa da tantabarun maigidan. Da ba don makarantar ba, da ban san dalilin saukowa ba. Gida ne mai ɗaki uku aka mayar da shi makarantar yaranmu 'yan gudun hijira, ɗakin girki shi ne ofishin shugaba, Malama Busaina. Da na je neman aiki ta dube ni, ta dubi sandata, ta ce, “Baba, manyan za su kayar da kai, amma ina da ƙanana da ba mai iya musu.” Haka na samu ajin ƙanana, ni da na saba koyar da nahawu.

Ba karatu ne yawan aikina ba. In share hanci, in ɗaura igiyar takalmi, in raba faɗa a kan guntun alli. Da farko akwai waɗanda ba sa magana sam. Mai sayar da gas na unguwar yakan bi layi yana buga sifana a jikin tukunya don a san ya zo, da zarar ya buga sai in duba in ga ajina ba kowa, duk sun shige ƙarƙashin benci suna zaton harbi ne, wasu sun jiƙa wando. Na sauka na roƙe shi ya daina. Ya ce, “Alhaji, wannan ƙarfen shi ne muryata, in na yi shiru 'ya'yana su ci me?” Gaskiyarsa ce. Sai na roƙe shi ya hau sama da tukunya ɗaya, ya miƙa wa yaran sifanar, kowa ya buga da hannunsa. Bawan Allah ya yi haka, har da hawaye. Yanzu in ya buga, taga suke rugawa suna yi masa ihu. Irin nasarar da nake samu ke nan a wannan shekarun, kuma wallahi ta fi mini duk sakamakon jarrabawar da na taɓa alfahari da shi.

Da hantsi mukan zuba ful, wato dafaffen wake, a babban kwano, mu marmasa gurasa, mu kwarara man riɗi, mu sa hannu gaba ɗaya. Shi ne abincin da nake ci da mutane a yini. Na dare shayi ne da abin da ya samu.

Na yi nisa, ki gafarce ni. Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Kin san halinmu, ba ma faɗin tafiya. Tun a gida haka muke, ana tsoron ido da baki, amma a nan abin ya ninka. Iyali za su shekara suna shiri, maƙwabcin da suke aron gishiri wurinsa ba zai sani ba sai ya ga ƙofa da kwaɗo. Yara kuma a ja musu kunne. Don haka ni ba a yi mini sallama. Yau yaro yana kan cinyata yana ja mini gemu, gobe babu shi, kuma babu shi ke nan. In tambaya, a ce ai sun tafi. Wasu sun koma gida, wasu an kira su ƙasashen Turawa ta jirgin sama, waɗannan daga baya akan ji labarinsu, har hoto a nuna mini a waya. Wasu kuwa ta Libiya suke bi su hau ruwa.

Bara ina da yaro Muzammil, mai son zana motoci. Wata rana ya zo an yi masa aski tas, da sabon kambas a ƙafa, ƙanwarsa kuma an yi mata ƙananan kitso irin wanda ke wata biyu bai tsufa ba. Na yaba kwalliyar, ban san abin da nake kallo ba. Bayan kwana kaɗan suka ɓace. Sai da sanyi ya shigo labari ya iso cewa kwalekwalen robar da aka loda su ya kife, ba a samu ko mutum ɗaya daga gidansu ba. Muka yi zaman makoki ba gawa. Tun daga nan na koyi karanta alamun, na kuma yi fatan da ban koya ba.

Yanzu in gaya miki game da Tasabih. Shekararta bakwai, baƙa, siririya, haƙoranta na gaba sun zube. Da aka kawo ta wata uku ba ta ce uffan ba, sai ta riƙe gefen jallabiyata duk inda na nufa. Ranar da bakinta ya buɗe kuwa, ni ta fara yi wa tsiya. Ina hawa matakala ina haki, ta tsaya a sama ta ce, “Kaka, sandarka ta riga ka isowa.” Na ce, “Ke da haƙoranki suka yi hijira suka bar ki, har kina da bakin magana?” Ta ce, “Nawa za su dawo, naka fa?” Dariyar da na yi ranar ita ce ta farko tun Halfa. Daga nan ita ke karɓar sandata ta jingine, ita ke nemo mini tabarau in na manta shi a kaina, ita ke ture mini ɓangaren ful mai mai ta ce tsofaffi ba su da ƙarfin miƙa hannu.

Farkon makon nan ta shigo da sabon kambas da kitson nan. Na gane alamar, amma na ce wa raina uwarta mai lalle ce, tana zuwa gidajen biki, ƙila biki za su. Da ta ɗaga hannu tana goge allo, sai kalmasar rigarta ta juya, na ga an ɗinka lambobi da jan zare ta ciki. Ko da ido ɗaya na san lambar waya ce, kuma ba ta ƙasar nan ba ce. Na ci gaba da darasi. Da muka zauna cin abinci ta matso ta ce, “Kaka, ruwan teku ya kai tsawonka?” Na ce ya fi. Sai ta kama kunnena da hannunta mai maiƙo ta raɗa mini cewa za su tafi wurin kawunta, mota tukuna sannan jirgin ruwa, kuma Mama ta ce in wani ya tsince ta ita kaɗai ta nuna masa cikin rigarta. Ta ce, “Kada ka gaya wa kowa. Mama ta ce in na faɗa tafiyar za ta lalace, kuma ni na jawo.” Sannan ta ci gaba da cin abincinta kamar ba ta ce komai ba. Ni kuwa lomar da ke hannuna ban iya kai ta baki ba.

Ba zan zagi uwarta ba. Intisar yarinya ce mai kamun kai, sa'ar 'yar da ban haifa ba. Mijinta ya fita neman burodi a Umdurman bai dawo ba har yau. Takardar zamanta ta ƙare, an taɓa tare ta a hanya ta kwana a tsare, yarinyar ta kwana tana kuka a gidan maƙwabta. Maigidan haya kullum ƙari. Ɗan'uwanta ya haye lafiya shekarun baya, shi ke kiranta yana cewa ai abin ba wuya, rufe ido ne a buɗe. Wanda ya haye shi ke da bakin ba da labari, waɗanda suka nutse ba sa kiran waya.

To in yi yaya? In na yi magana, za ta san yarinyar ta faɗa, za ta hukunta ta, kuma na ci amanar da aka raɗa mini a kunne. Bayan haka kin san yadda ake ɗaukar wanda ya ambaci hatsari a gaban matafiyi. Akwai wata dattijuwa a layinmu da ta ce wa wasu kada su je, ruwa ba shi da amana. Aka kama su a kan iyaka aka maido su ba ko sisi. Har yau ba mai amsa sallamarta, mai baƙin baki ake ce mata, in ta shigo biki mata su janye 'ya'yansu. In haka ta same ni, iyaye za su kwashe yaransu daga ajina, Malama Busaina kuma ba za ta iya riƙe ni ba ko tana so. Ni kuma in aka raba ni da yaran nan, ban san abin da ya rage ba. Na yi tunanin in gaya wa Malama Busaina ita ta yi maganar, sai na tuna ofishinta ɗakin girki ne, ba ƙofa, abin da aka faɗa a can kafin azahar ya kai kasuwa.

In na yi shiru kuma, ga Muzammil.

Akwai abin da ya fi duk wannan ci mini rai, shi ne ban yarda da zuciyata ba. In na zauna ni kaɗai sai in tambayi kaina, tsoron ruwa kake yi mata, ko tsoron ranar da za ka hau matakala ba mai yi maka tsiya? Wane ne ni da zan tsaya tsakanin uwa da abin da take ganin shi ne mafita, ni da ba ni da gida, ba ni da ƙasa, ba ni da abin da zan ba ta a madadi? Ƙila son kai ne na tsufa na lulluɓe da rigar tausayi. Da Sittana tana nan da kallo ɗaya za ta yi mini ta faɗa mini gaskiya. Ba ta nan, shi ya sa na zo gare ki.

Kitson sabo ne, amma na san ba a yin sa sai tafiya ta matso. Ki ce mini wani abu, 'yata.

Naki,
Tsohon malami a saman bene

*

Baba, wa alaikumus salam. Na karanta wasiƙarka a tsaye, na kuma ba wanda ya kawo ta amsar nan tun kafin ta shiga jarida. Masu karatu su sani na sauya sunayen da ke ciki, kuma na jinkirta bugawa har sai da na tabbata ba za ta cutar da kowa ba.

Bari in fara da abin da ya fi ci maka rai, don shi ne mafi sauƙi. Tambayi kanka: da jirgin sama za su hau, da takardu a hannu da mai tarbarsu a can, za ka nemi hana su? Na san amsar. Za ka yi kuka a ɗakinka, ka sa musu albarka. To ka ga ba son kai ne ke tura ka ba. Kewar tana nan, ba laifi ba ce, amma ba ita ke jan ragama ba. Ka ajiye wannan tuhumar, ba ka da lokacinta.

Al'adar ɓoye tafiya ba wauta ba ce, musamman a inda muke. Tana kare mutum daga hassada, tana kuma kare shi daga mai kai tsegumi. Don haka ka yi daidai da ba ka gaya wa shugabar makaranta ba, kada kuma ka gaya wa kowa. Macen da takardarta ta ƙare, magana ɗaya in ta fita tana iya raba ta da 'yarta tun kafin a kai ga teku. Amma al'adar cewa ta yi kada a yaɗa, ba ta ce dattijo ya ga rami ya kama bakinsa ba. Dattijuwar layinku, in na fahimta, a bainar jama'a ta yi magana. Kai tsakaninka da Intisar za ka yi, ba na uku.

Ba kuma sai ka ci amanar Tasabih ba. Kafin ta raɗa maka komai ka riga ka ga kambas, ka ga kitso, ka ga jan zare. Wannan za ka faɗa, kuma gaskiya ce. In uwar ta zo ɗaukarta, ka tura yarinyar ta yi wasa, ka zaunar da uwar a aji bayan an watse, ka ce mata, 'yata, na ga abin da kika ɗinka a rigar nan, na taɓa ganin irin wannan shirin. Ka ambaci Muzammil sau ɗaya, ka tsaya. Kada ka siffanta mata mutuwa. Matar da ta zauna ta ɗinka lamba a rigar 'yarta don wanda zai tsince ta ita kaɗai, ta riga ka sanin abin da ruwa ke yi. Tsoro ba zai ƙara mata komai ba, da shi take kwana. Ka yi mata tambayoyi irin na uba: wa zai kai su, ta taɓa ganinsa da idonta, ina za a ajiye su a Libiya kafin a hau, in aka nemi ƙarin kuɗi a tsakiyar sahara wa zai biya. Sau da yawa mutum bai san ba shi da amsa ba sai ya ji tambayar daga bakin wanda ke ƙaunarsa.

Ka ce ba ka da abin ba ta a madadi. Kana da kaɗan, kuma kaɗan ɗin ka je da shi. A bayan takardar nan na rubuta maka lambar wasu lauyoyi da ke taimaka wa mutanenmu a kan takardun zama ba tare da an biya ba, da ta wata ƙungiyar mata da ke haɗa zawarawa su yi haya tare. Ba na yi mata alƙawarin komai, layi ne mai tsawo, wani lokaci a dawo hannu rabbana. Amma ka ce za ka raka ta, za ka riƙe yarinyar ranar da za ta je, ka roƙe ta ta jinkirta ta gwada wannan ƙofar kafin waccan. Jinkiri kaɗai kake nema, ya fi sauƙin bayarwa a kan fasawa.

Yanzu ɗaya gefen, don ba zan ruɗe ka ba. Tana iya fushi. Tana iya cewa ka yi mata mugun baki, ta janye yarinyar washegari. Ba na jin za ta yaɗa, don yaɗawa tona kanta ne, amma ba ni da tabbas. Kuma tana iya saurarenka da ladabi ta tafi duk da haka. Ita ce uwa, ita ta san wutar da ke bayanta, hukuncin nata ne. Abin da zan iya cewa shi ne fushinta abu ne da za ka iya ɗauka. Shirun kuwa, in labari mara daɗi ya zo, ba na jin jikinka zai ɗauke shi karo na biyu.

Kai ma ina da magana a kanka. Ɗanka ba yaro ba ne, ka daina ce masa lafiya lau. Ka gaya masa idonka na buƙatar likita, ka gaya masa kana kewa, haƙƙinsa ne ya sani. Ka kuma nemi dattawa sa'o'inka, ba a rasa su a bakin masallaci bayan la'asar ko wurin mai shayi. Yara ba za su iya zama dukan duniyarka ba, don su masu wucewa ne ko ba yaƙi, kai da ka yi shekaru kana yaye ɗalibai ka fi ni sani.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ba ya jiran yardar kowa, kuma ka fara da shi gobe. An ɗora wa yarinya 'yar shekara bakwai cewa in tafiya ta lalace ita ta jawo, ga shi kuma ta riga ta faɗa. Ko su tafi ko su zauna, kada ta kwana da wannan a ranta. Ka kira ta gefe ka gaya mata, da muryar malamin da take yarda da shi, cewa sirrinta yana nan a wurinka, kuma bakin yaro ba ya lalata tafiya, ba ya tayar da iska, ba ya kifar da jirgi, duk abin da zai faru ba ita ba ce. Ka sa ta maimaita har sai ta haddace. Ba ka da ikon tsare ta daga teku, Baba, amma wannan kayan kana iya sauke mata.

Allah Ya sa uwarta ta ji ka, Ya tsare su duk inda suka sa gaba. Allah Ya jiƙan Sittana da Muzammil da mutanen gidansu, Ya ƙara maka lafiya da ƙarfin hawa matakala.

'Yarka,
Ni'imat